Sanda a Hannun Hagu

Ina da shekara arba'in da shida likita ta ce in ban fara motsa jiki ba, ni da maganin hawan jini mun ƙulla zumunci ke nan. Tafiyar ƙafa ta gundure ni cikin sati biyu. Wata maƙwabciyata a Giginyu ce ta ja ni wani gida a Nassarawa GRA, inda mata ke koyon wasan sanda duk Laraba da la'asar da kuma Asabar da safe.

Mai koyarwar 'yar Zariya ce, tsohuwar malamar motsa jiki da ta yi ritaya, gajeriya, ga murya kamar ta ƙato. Malama muke ce mata. Kayan aikinta ba wasu na a zo a gani ba ne: sandunan gora, tsohuwar tayar mota rataye a reshen mangwaro, da ƙwallon tanis da aka huda aka ɗaure da igiya. Sai bututun famfo na roba da aka naɗe da soso, wanda ake karawa da shi mutum biyu-biyu. Dokarta ɗaya ce: babu mai taɓa bututun nan sai ta bugi ƙwallon yana lilo sau goma a jere, ba kuskure.

Taya ba ta ba ni wahala ba, tunda ita tsayawa take a dake ta. Ƙwallon nan ne ya raina ni. In na kai masa duka ya riga ya wuce, in na jira shi ya zo ya same ni a goshi. Wata huɗu ina abu ɗaya, ban taɓa haura uku ba. Waɗanda muka fara tare duk sun koma can gefen katanga suna ta kaf-kaf da bututunsu suna shewa, ni kuwa ina gindin mangwaro da sababbin zuwa, wasu ma sa'o'in 'yata. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Tun ina ƙarama a gida ake ce mini mai nawa, komai na ɗauka sai ya suɓuce, sai ga shi da furfurata ina sake jin haka a jikina. Na ƙudurta a raina cewa Asabar mai zuwa in ban yi goman nan ba, na bar zuwa.

Ranar Asabar ɗin na yi biyu, na kuskure na uku. Ƙwallon ya dawo zai sami idona, sai kawai na ji shi a tafina, caraf. Da hagu na cafe shi, ban ma san na yi ba.

Malama tana bayana. Ta zagayo ta dube ni, ta dubi hannun.

"Hajiya, wa ya hana ki hagu?"

Na yi dariyar kunya. Na ce mata kakata ce, Allah ya jiƙanta. Bahaguwa aka haife ni. In za a ci tuwo sai ta ɗaure mini hannun a baya da ɗankwalinta, in na miƙa abu da shi kuwa in sha muciya a yatsu. Kafin in shiga firamare na koma dama gaba ɗaya.

"To yau a kwance shi," in ji Malama. Ta karɓi sandata, ta miƙo mini ta ɓangaren hagu. "Ungo."

Wallahi hannun ƙin tashi ya yi. Matar nan ta girme ni da shekara goma ko fi, ta yaya zan karɓi abu a hannunta da hagu? Na miƙa dama, ta janye sandar. Na haɗa hannu biyu, ta sake janyewa.

"Malama, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Rashin kunya ne."

Ban ji ta yi mini wa'azi ba. Sai kawai ta sunkuya ta ajiye sandar a ƙasa, ta ja da baya taku uku.

"To ba ni na ba ki ba. A ƙasa kika tsinta."

Na ɗauka. Ta tura ƙwallon. Na yi shida a jere kafin in kuskure, kuma na san dalili: hawaye ne suka cika mini ido. Na ji haushin shekarun da suka wuce, na kuma ji wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba. Malama ta ce in share fuskata, ba a kuka a filinta sai an sha duka.

Goman dai ban yi ta ranar ba, don hannun ba shi da ƙwari, nan da nan ya gaji. Bisa alkawarin da na yi wa kaina, zuwana ya ƙare ke nan. Ina ɗaura mayafi Malama ta ce ranar Laraba in zo da wuri, akwai aikin wuyan hannu da za ta ba ni da kwalbar da aka cika da yashi. Ta ce sati uku ya ishe ni in koma gefen katanga.

Na buɗe baki zan gaya mata na daina zuwa. Abin da ya fito shi ne: "Ƙarfe nawa, Malama?"