Jema Ba Ciyawa Ba Ce

Riskuwa ba ta da kara, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da ita ba. In mutum ya yi ƙarya a gabanta, ko da rawaninsa ya kai girman faifai, sai ta ce masa ƙarya yake, ta ci gaba da aikinta. Matan unguwa sun daina kawo mata sabon zane ta gani. In bai yi kyau ba za ta faɗa, in ya yi kyau kuma ta ce bai dace da jikin mai shi ba. Ita da kanta takan ce ranar da aka raba kara tana cikin jirgin ubanta a tsakiyar gulbi, kuma ba wanda ya ajiye mata rabonta.

A Argungu aka haife ta, gidan masunta. Aure ya kawo ta Birnin Kebbi, gidan Bawa manomin shinkafa. Shi ne gida na ƙarshe a gangaren unguwa, bayansa na kallon fadama ta wajen Zauro. Daminarta ta farko ruwa ya shigo har tsakar gida, ya tafi da turmi da kaji huɗu. Dangin Bawa suka ce haka gidan yake tun kakanni, a yi haƙuri. Riskuwa ta ce ashe kakannin ragwaye ne.

Da rani ya shigo ta ɗauki kwando ta fara jidar laka daga bakin fadama, tana zubawa a bayan gida, tana kirɓawa da ƙafa. Bawa ya yi ta jin kunya kwana uku, a na huɗu ya ɗauki nasa kwandon. Rani biyu suka yi kafin tudun ya kai ƙugun mutum, ya kewaye bayan gidan da gefensa. 'Yan unguwa suka sa masa suna don ba'a, ganuwar Riskuwa. Ta san laka kaɗai ba ta tsayawa gaban ruwa. Don haka ta koma Argungu ta ciko jirgi da saiwar jema, ta dasa ta layi biyu a jikin ganuwar, kamar yadda ta ga mutanenta na yi a bakin gulbi.

Wanda bai san jema ba zai ga doguwar ciyawa ce kawai. Aikinta a ƙasa yake. Saiwarta ba ta yawo gefe, miƙewa take yi ƙasa, ta wuce tsayin namiji, ta sarƙe kamar komar masunta, ta riƙe laka gam. Ganyen kuwa da kaka ake yankewa a saƙa zana. Shekara ashirin da biyu ruwa na zuwa ya tsaya a gindin jemar nan, ya yi kwanakinsa, ya koma. Bawa ya rasu, Riskuwa ta karɓi saƙar zanar, ko da yake an ce aikin maza ne. 'Yarta ɗaya, Sadatu, tana aure a Argungu, kuma surukin ya sha aiko mata cewa akwai ɗaki a gidansa. Riskuwa ta san bakinta. Ta san ba za ta yi wata guda a gidan suruki ba tare da ta kashe wa 'yarta aure ba. Gidan nan na gangare shi kaɗai ne wurin da za ta zauna ba mai ce mata yi shiru.

Shekara biyu bayan an sauke tutar Turawa aka kawo sabon duba-gari, Malam Abdussamadu, mutumin gabas. Da keke yake yawo, da kaki mai guga, da littafin doka a aljihu, da ɗan ludayi na leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro. Ba mugu ba ne. Mutum ne da aka koya masa littafi, ba a koya masa fadama ba, kuma bai ga dalilin tambaya ba.

Ya leƙa randunan Riskuwa bai sami komai ba. Ya duba makewayi, tsaf. Yana shirin fita sai idonsa ya faɗa kan kawunan jema ta saman katanga.

"Inna, wannan ciyawar ta wace ce?"

"Mu nan ba mu da ciyawa, Malam. Haki gare mu. Wagga kuwa ba haki ba ta, jema ta."

"Ko mene ne sunanta, doka ta ce duk ciyawar da ke cikin taku talatin daga gida a cire ta. Nan sauro ke ɓuya."

"Sauro? Ɗaga kanka ka dubi hwadama. Daga nan har Zauro ruwa na da haki. Shi ma cire shi za ka yi?"

"Fadama ba ta cikin littafina."

Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce ta ji, za ta yanke ganyen ƙasa-ƙasa yau ɗin nan, ta riƙa aske shi duk mako har damina ta wuce, in dai za a bar mata saiwar. Ya buɗe littafin, ya bi layin da yatsa, ya juyo mata da shi kamar ta iya boko.

"A cire, aka rubuta. Ba a ce a yanke ba. Kwana bakwai, Inna."

Ta tafi wurin mai unguwa, Arzika, wanda gidansa ke can kan tudu. Arzika ɗan fadama ne, ubansa da jema ya tsare gonarsa, ya san gaskiyar maganar sarai. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce yanzu mulki na hannun 'ya'yanmu, bai kamata a ga muna ja da su ba.

"Da Bature na nan ka ce kada a ja da Bature," in ji Riskuwa. "Yanzu ya tahi ka ce kada a ja da ɗiyanmu. Kai dai Arzika, yaushe za a ja?"

Washegari ta ɗaura zane ta tafi ofishin da Abdussamadu ya fito. Ta zauna a rana daga hantsi har azahar kafin a shigar da ita gaban babbansu, wani mai tabarau. Ta ce a nemo mata sunan jema a cikin littafin. Aka duba, babu.

"To in babu sunanta ciki, don mi za ku tuge ta?"

"Tun da ba a ware ta ba, ciyawa ce," in ji mai tabarau.

Ya shiga kaɗa alƙalami. Waɗanda ke wurin sun ce kamar ya fara tunanin aika wani ya je ya gani da ido. Da Riskuwa ta yi shiru na minti ɗaya, wataƙila da labarin ya sauya. Ba ta yi ba. Ta ce masa wanda ya rubuta littafin ya koma garinsu inda gulbi ba ya cin gida, ya bar musu shi kamar yadda ake barin tsohon takalmi, su kuma sun ɗora a ka suna yawo da shi. Masinja ya yi dariya, bai iya riƙewa ba. Mai tabarau ya rufe littafin.

Laifinta ke nan, kuma ta amsa shi. Amma baƙar maganar tsohuwa ba ta isa dalilin rusa mata gida ba, kuma duk wanda ke ofishin nan ya san haka.

Rana ta takwas lebura shida suka zo da diga da shebur. Dukansu 'yan kwarin nan ne, ba wanda bai san abin da yake yi ba. Babbansu, Hodi, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Inna, ki gafarce mu, aiko mu anka yi."

"Allah ka gafara. Ni kallo zan yi."

Ta ɗauko kujera ta zauna ta kalle su. Aikin da aka ce na safiya ɗaya ne ya ci kwana uku, don jema ba ta fita da ja. Sai an haƙa rami har gwiwa, a sare saiwar, a ɓamɓaro ta da lakar da ta riƙe. Da suka gama, ganuwar ta koma kamar bakin tsoho, rami bayan rami. Suka tura ƙasa sako-sako a ramukan suka tafi. Abdussamadu ya zo ya zagaya, ya ce yanzu wuri ya yi haske.

Damina ta riga ta kankama. Riskuwa ta koma jidar laka tana da shekara hamsin da wani abu, tana cusawa a ramukan, amma lakar damina ba ta bushewa, kuma babu abin da zai kama ta.

Ruwan ya zo a ƙarshen watan takwas, ranar da ko ɗigo bai sauka a garin ba. Haka gulbin yake yi, ruwan da aka yi can sama shi ke gangarowa. Tun da safe ta ga fadama ta yi ja, kumfa na tafe a kai, ta san abin da ke zuwa. Ta fara kwashe shinkafa daga rumbu zuwa zaure. Bayan azahar ruwan ya taɓa gindin ganuwar, inda ya saba tsayawa. Wannan karon bai tsaya ba. Ya sami ramin farko ya jiƙa shi, lakar ta narke kamar an dama fura, sai na biyu, sai na uku. Kafin la'asar ganuwar shekara ashirin da biyu ta ɓalle a wuri huɗu. Rumbu ya durƙusa da rabin shinkafar a ciki. Ɗakin baya, wanda Bawa ya gina da hannunsa, ya tsage daga sama ya zauna. Zaure da ɗaki ɗaya suka tsira.

Ruwan bai tsaya a gidanta ba. Ya bi ta lungu ya shiga gidaje biyar na sama da ita, gidajen waɗanda suka yi shekaru suna dariyar ganuwar ba su san ita ke tsare su ba.

Da gulbi ya janye, ya bar ruwa kwance a tsakar gidajen, kore shar, sauro na tashi daga ciki kamar hayaƙi. Unguwar ba ta taɓa ganin zazzaɓi irin na wannan shekarar ba. A mako na biyu sai ga Abdussamadu da kekensa. Ya tsaya a bakin abin da ya rage na gidan, ya duƙa, ya ɗebi ruwan da ludayinsa, ya ɗaga shi ga haske. Sannan ya ciro littafin, murya ƙasa-ƙasa, ya ce doka ta hana barin ruwa kwance a cikin gida, dole ya rubuta.

Riskuwa ta dube shi daga hula har takalmi.

"Rubuta, Malam. Amma ka rubuta sunan mai ruwan. Ni ban gayyato shi ba, ku kunka buɗe mai ƙofa."

Ya rubuta sunanta.

A makon ne surukinta ya aiko jirgi daga Argungu a ɗauko ta. Ta mayar da jirgin da saƙo cewa in zai dawo ya dawo cike da saiwar jema. Ba ta je Argungu ba, a wannan shekarar ko wata. A gidan nan ta rasu, shekara goma sha tara bayan haka. Waɗanda suka zauna da ita sun ce sau ɗaya tak suka ji ta roƙi wani abu a wurin mutane, ran da jirgin ya dawo. Masu zuwa jaje sun cika zaure, har da na gidajen nan biyar, har da Hodi, har da Arzika a raɓe bakin ƙofa. Ana ta Allah ya mayar da alheri. Ta bari suka gama, sannan ta nuna tulin saiwar da ke jiƙe a gindin katanga.

"Jaje ya isa haka. Abu guda nika so. Gobe da sahe kowane gida shi aiko mutum guda da kwando, mu tada ganuwar. Kuma kowa shi ɗauki saiwa shi dasa da hannunai, kada wani shi dasa ma wani. In mai keke ya zo tambayar mai ita, kada ku nuna ni. Kowa shi nuna tashi, shi ba da sunanai a rubuta. Arzika, kai za ka fara."