Sallamar da Mansur ya jira

Mansur ɗana ne na fari, saboda haka tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiransa da shi ba. Haka muka tarar a Zongon Kwatano: ana jin kunyar ɗan fari, ba a ambaton sunansa, ba a zama hira da shi. Na yi karatu a jami'ar Calavi, na koyar a lakwal, wato makarantar boko, shekara talatin, amma bai taɓa zuwa mini in ajiye wannan ɗabi'a ba. In zan kira shi sai in ce "kai". In ina zancensa da uwarsa Rahina sai in ce "yaron nan". Ita jinya ta raba ta da kunyar tun yana goye, domin da sikila aka haife shi.

Ya girma siriri, mai yawan dariya. Da ya gama lakwal ya samu aiki a wata tashar manyan motoci, yana tsara layi, yana miƙa wa direbobi takardun hanya. Ya san nisan kowane gari daga nan har Malanville, ya san inda kwalta ta lalace, ya san mai tuwon da direbobi ke yabo a Parakou. Shi kansa bai taɓa kwana a wajen Kwatano ba. Ni na hana, kuma ina da dalili: sanyi kaɗan ko gajiya kaɗan kan kwantar da shi mako biyu.

Yana da shekara ashirin da biyar ya fara shirya tafiyar. Su biyar ne, da shi da abokinsa Idrissou mai gyaran babur da wasu uku. Za su tashi a ƙafa daga Zongo, su bi bakin teku ta Togbin da Avlékété har Wida, sannan su juya wa ruwa baya su nufi Allada ta Tori. Kwana shida, kowa da jakarsa a baya. A ƙofar gida suke zama bayan la'asar, ina jiyo su daga falo.

"Kai da ko buhun gari ba ka ɗagawa," in ji Idrissou, "wa zai goya ka in ka faɗi?"

"Kai mana. Me kake tsammani ya sa na saka ƙato a tafiyar?"

"To tanti fa, shugaba? A kan yashi za mu kwana kamar kaguwa?"

"Kakanka da tanti ya zo garin nan?"

Nufinsa su yi yadda fatake suke yi a da: kowane zango da mai masaukinsa. Ya aika goro ta hannun direbobi zuwa ga Malam Hudu a Wida, da wani mahauci a Tori, da wani ladan a Allada. A bakin teku, inda ba mu da kowa, ya shirya da mijin matar da ke kawo wa Rahina bandar kifi. Duka suka aiko cewa ɗaki na nan.

Da ya gama, ya zo ya durƙusa a gabana bayan sallar magariba.

"Baba, ina neman sallama."

Ina kallon bango na ce, "Za a duba."

Watan Nuwamba ya zaɓa, ya zo ya wuce. Abokansa suka ce su tafi kawai, ai shi ba yaro ba ne. Na ji amsarsa ta taga: "Ban taka ko'ina sai ya ce Allah ya kiyaye hanya." Ya sake aika goro, ya ba masu masauki haƙuri, ya ce sai baɗi.

A watan Oktoba na shekarar da ta biyo, Rahina ta ajiye mini kayensa a kan tebur, wato littafin rubutu irin na ɗalibai mai bango shuɗi, inda ya tsara tafiyar. Na karanta shi da taswira a gefe, yadda nake duba aikin jarrabawa. Babu ranar da tafiya ta wuce kilomita goma sha huɗu. Tashi bayan asuba, tsayawa kafin sha ɗaya. Ya rubuta inda ake samun ruwan sha, da ɗakin shan magani mafi kusa da kowane zango, da lambar mai zemijan, babur ɗin haya, da zai iya ɗauko shi in ciwo ya tashi. Nuwamba kuwa don ruwan sama ya ɗauke ne, sanyi bai sauka ba. A shafin ƙarshe ya jera abin da kowa zai ɗauka, a ƙasan nasa ya rubuta: takalmi, in Baba ya yarda.

Ban samu kuskure ko ɗaya ba. Washegari na shiga kasuwar Dantokpa na sayi takalmin tafiya, lamba arba'in da ɗaya. Na ba Rahina na ce ta kai wa yaron nan. A wajena magana ta ƙare. Haka mahaifina ya yi mini lokacin da zan tafi jami'a, akwati ya aiko mini ta hannun ƙanwarsa, na kuma gane.

Rahina ta dawo tana murmushi. Ta ce ya gwada, ya yi masa daidai, ya zagaya tsakar gida sau biyu. Sannan ya cire ya mayar cikin kwali ya ce, "Inna, ki yi masa godiya. Amma takalmi bai yi magana ba. Da bakinsa nake so in ji."

"Malam, kalma nawa ce?" in ji ta. "Ga shi can a ɗaki."

Na ce bayan sallar Juma'a. Ranar Talata ce. Kwana uku nake so in shirya yadda zan dubi fuskarsa in faɗa.

Ranar Alhamis da hantsi ciwon ya tashi a tasha, ya kama ƙirjinsa. A asibiti na tsaya a bakin gadonsa kwana huɗu. Na yi magana da likitoci dalla-dalla, na nemo jini, na yi duk abin da aka ce. Shi ban ce masa komai ba, ina jira ya samu sauƙi. Ya rasu ranar Litinin, ƙarfe uku da kwata na rana.

Bayan sadakar arba'in Idrissou ya zo da sauran ukun, kayen na hannunsa. Suka durƙusa inda yake durƙusawa.

"Baba, Malam Hudu ya aiko gaisuwa. Ya ce ya ci goro sau biyu, ɗakin kuma yana nan a share. Muna so mu je. Amma tafiyarsa ce, ba mu tashi sai ka sallame mu."

Na ce su zo ranar Asabar bayan asuba.

Suka zo da jakunkunansu. Na fito da takalmin na ba Idrissou. Ba ya shigarsa, sai ya ƙulla igiyoyin ya rataya a bayan jakarsa. Na tsaya a bakin ƙofa na kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowa na ce masa Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin. Da na gama huɗun ba wanda ya motsa.

Na ce, "Mansur, na sallame ka. Allah ya kiyaye hanya."

Sunan ya fito mini a karkace, kamar na wani baƙo. A bayan labule na ji Rahina ta zauna a ƙasa.

Rana ta shida Idrissou ya kira ni daga Allada. Ya ce duk abin da ke cikin kayen haka suka tarar, sai rijiya ɗaya kafin Tori da ta ƙafe. Na ce ya gyara a shafin, da fensir, kada ya soke rubutun.