Ranar da Baba Ba-Komai Ya Ƙi

A layin da ke bayan ofishin rajista, tsakanin mai gyaran agogo da mai hoton fasfo, akwai wani ɗan shago da idan mutum uku suka shiga sai na huɗu ya yi gaisuwa ta taga. A ciki za ka tarar da tebur, da benci mai ɗingishi, da wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa: ta neman aiki, ta koke, ta ban haƙuri. Sunansa na asali ya ɓace tun zamanin tafireta. Kowa Baba Ba-Komai yake ce masa, don duk abin da ka roƙe shi amsar ke nan. Wani ya taɓa bar masa ajiyar keke na minti biyar, ya dawo bayan shekara biyu ya tarar an canza masa taya.

Kwamfutarsa fara ce a da, yanzu ta koma launin haƙorin mashayin shayi. Idan ya kunna ta da safe sai ya share shago, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya same ta tana miƙa. Amma a cikinta arzikinsa yake: wasiƙu fiye da dubu uku na shekara talatin, har da na zamanin tafireta da ya sake bugawa ɗaya bayan ɗaya. Kowace irin matsala ka zo da ita, akwai wanda ya riga ka, sai dai a canza suna da kwanan wata.

Matsalar ita ce, halin Baba bai tsaya kan mutane ba. Duk akwatin da ya faɗo a fuskar kwamfuta yana neman izini, sai ya gyara tabarau ya karanta har ƙarshe, ya jinjina kai.

"Wanda ya rubuta wannan zama ya yi ya tsara," in ji shi. "Ni na san wahalar roƙo."

Sai ya danna amincewa. Haka duk filash ɗin da aka miƙo masa, cusawa yake yi. Karo na uku da bairos, cutar kwamfuta, ya shige ta, wasiƙu ɗari huɗu suka yi ɓatan dabo, Baba ya yini bai ci abinci ba.

Babbar 'yarsa, wadda ke kula da kwamfutocin wani kamfani har 'yan layi suke ce mata Injiniya, ita ta kashe Asabar ɗinta guda ta ƙwato su. Da ta gama ta juyo da kujera.

"Baba, waɗanda suka yi manhajar tsohuwar nan sun daina aiko mata gyara tuntuni. Gida ne mai ɓaraka, magina kuma sun yi gaba. Mu za mu yi gadinta."

Ta zare wayar intanet ta naɗe ta jefa a jaka. Ta kwafe wasiƙun kaf a wani faifai daban, ta ce a rufe shi a durowa, a riƙa sabunta shi duk ƙarshen mako. Ta yi wa kwamfutar ƙofa biyu: babba mai ikon saka sabon abu, wadda ita kaɗai ta san kalmar sirrinta, da ƙarama ta bugu da firintin, ta Baba.

"Zaɓi kalmar sirrinka."

"Sa ba komai."

"Baba, ko kazar layin nan za ta canka."

Aka yi doguwa mai lambobi. Ya ɗauko takarda zai rubuta ya manna a goshin kwamfutar, wai ko wani zai buƙata ba ya nan. Ta ƙwace biron. Daga ƙarshe ta yanko filasta ta toshe ramin filash, ta sa hannu a kai kamar likita.

"Duk filash ɗin da ya zo, a ajiye mini in duba a wajen aiki. Baba, idan ta sake kamuwa zan ɗauke ta, mu rufe shagon, ka zauna gida ka huta."

Kalmar hutun nan ce ta fi tsorata shi. Ya san abin da ke jiransa a gida: kujerar tsakar gida, da rediyo, da matarsa da ta yi shekara goma tana tara masa ƙofofin da ke buƙatar gyara.

Kwana huɗu ya yi lafiya, don baƙin fuska suka zo, ya ce musu ramin ne ba shi da lafiya. Rana ta biyar sai ga Mai Agogo, amininsa na shekara talatin, wanda bango ɗaya ya raba shagonsu. Ya shigo yana kaɗa wani filash da ke rataye da makullansa, duk ya yi baƙi da maiƙo.

"Tsoho, buga mini hoton jikana. Jiya aka turo, aka zuba mini a nan wajen masu caji."

"Ba kom..." Bakin Baba ya riga shi. Hannunsa har ya kai kan filastar. Ya ga sa hannun 'yarsa, ya hango kujerar tsakar gida. Ya buɗe baki zai ce a'a, kalmar ta zo maƙogwaro ta yi ribas.

"Zauna," ya ce.

Ya juya ya fuskanci kibod, wurin da bai taɓa rasa abin faɗa ba. Minti ashirin yana bugu. Firinta ta yi tari ta fitar da shafi biyu. Ya ninke, ya sa a ambulan, ya lasa ya manne, ya miƙa wa mutumin da gwiwarsu ke gugar juna.

Mai Agogo ya sa gilashin gyaran agogonsa a ido ɗaya ya karanta a fili: "Bayan gaisuwa mai yawa da taya murna, na sami buƙatarka mai daraja, na kuma dube ta da idon basira. Sai dai ina baƙin cikin sanar da kai cewa, bisa dalilan da suka fi ƙarfin wannan ofis..." Ya ɗago. "Wane ofis? Kai da fanka?"

"Ci gaba, akwai addu'a a shafi na biyu."

"Wato a'a kake nufi?"

"Ni ban faɗa ba. Takardar ce ta faɗa."

Mai Agogo ya ajiye filash ɗin a tebur da ƙarfi, ya fita yana cewa ya ga ƙarshen duniya. Baba ya zauna yana jin ƙarar agogunan maƙwabcinsa ta bango. Bayan awa guda sai ga kan Mai Agogo ya leƙo ta taga.

"Tsoho, takardar nan, za a iya canza ta ta dace da surukin da ke aron babur?"

Ranar Asabar Injiniya ta zo da mota, ta ma kwashe kayan but ɗin motar don kwamfutar ta samu wuri. Ta tarar da filasta yadda ta bar ta, da filash bakwai a cikin gwangwani kowanne da sunan mai shi, da ambulan na irin wasiƙar nan jere a gefe an riga an manne. Ta duba na Mai Agogo a tata kwamfutar ta hannu, ta sami bairos goma sha ɗaya, da jariri ɗaya mai kumatu.

"Baba, ka ci shagonka," ta ce tana dariya. Ta ciro nata filash ɗin daga jaka. "Matsa in saka maka sabon maganin bairos."

Baba ya dubi filash ɗin, ya dubi 'yarsa ta saman tabarau. A hankali ya miƙa hannu ya zaro ambulan ɗaya.