Abdu Jatau, Mai Duban Ƙuri'a na Jiratawa

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Abdu Jatau a shekara ta 1942 a Gidan Kabo, wani ƙauye kusa da Tsibiri, cikin daminar da tsofaffi ke cewa ƙanƙara ta kashe angulaye a kan kuka. Mahaifinsa Kabo manomin hatsi ne daga cikin Anna masu riƙe da al'adar kakanni, kuma shi ke duba wa ƙauyen yadda shekara za ta kasance a ranar buɗin daji. Mahaifiyarsa Tasalla mai ɗinkin faifai ce.

Karatu

A shekara ta 1950 kamun lakwal, wato ɗibar yara zuwa makarantar boko, ya faɗa kansa, aka kai shi Maraɗi. Bai kai ƙarshe ba, domin an sallame shi saboda ya fi mai da hankali ga jerin tururuwa a gindin bango a kan abin da ake rubutawa a allo. Ya fito da karatu da lissafi daidai gwargwado. A birnin ne ya karɓi Musulunci, aka raɗa masa suna Abdu, amma sunan yarintarsa Jatau bai sake shi ba.

Aiki da Iyali

Ya yi aikin awon gyaɗa a Maraɗi har farin 1973 ya kashe cinikin. A shekara ta 1965 ya auri Kyauta, wadda ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Da aka raba gonakin noman rani a Jiratawa ya sami yanki, ya ƙaura can da iyalinsa. Babbar ɗiyarsa Atika ta auri wani malamin lakwal na unguwar Zariya cikin Maraɗi, wanda ake kira Mushe Ilyasu, kamar yadda ake kiran malaman boko a can.

Shigarsa Siyasa

Bayan Taron Ƙasa na 1991 ya shiga wata ƙaramar jam'iyya mai alamar tulu. Bai taɓa riƙe muƙami ba. Ra'ayinsa shi ne babban zaɓe kiɗa ne da atamfa, amma a ƙananan zaɓuɓɓukan da ke faɗowa tsakani ake gane inda zuciyar jama'a ta karkata. A zamanin kowace jam'iyya da takardarta. Mutum ya jefa ɗaya, sauran su ƙare a hannun mata masu ƙosai. Saboda haka washegarin zaɓe yakan hau kekensa ya bi ƙauyuka yana sayen ƙosai, don ya ga takardar wace jam'iyya ce ta yi wuya a wurin ƙunshi, domin ita aka fi jefawa. Yakan dawo da labari da kuma ciwon ciki.

Sunansa ya fita a shekara ta 1999. Da aka soke yawancin sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi, sai ya faɗa a bakin kasuwa cewa mulkin nan ba zai ga damina ba. Kafin ruwan fari sojoji suka karɓe ƙasa. Tun daga nan manyan jam'iyyarsa ba su yanke shawara sai sun aiko da mota Jiratawa.

Kuskuren 2004

A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen kwanseye, wato kansiloli, jam'iyyar tulu ta kwashe ƙauyukan da ke kewaye da Tsibiri, har da Gidan Kabo, inda ba ta taɓa yin abin kirki ba. A lokacin tana shirin haɗa gwiwa da wata babbar jam'iyya mai alamar galma domin zaɓen depite, wato ƴan majalisar dokoki, na ƙarshen shekara. Malam Abdu ya fassara sakamakon da cewa karkara ta juya wa galma baya, kuma duk wanda ya jingina da ita zai faɗi tare da ita. Aka bi maganarsa, aka fasa ƙawancen.

Da aka zo neman ɗan takara, shi da kansa ya tafi unguwar Zariya wajen surukinsa. Mushe Ilyasu ya ce, "Baba, albashin nan shi ne tuwon jikokinka. In na aje alli, ba su sake ba ni shi."

Malam Abdu ya ce, "Aje shi. Ni na ga abin da na gani."

Mushe Ilyasu ya ajiye aiki, ya tsaya takara. A watan Disamba galma ta lashe ƙauyukan kaf.

Malam Abdu ya tafi Gidan Kabo neman dalili wajen Ɗan'auta, ƙanen mahaifinsa, wanda ya zama dattijon gari. Tsohon ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Kai Jatau, nan hwa aka yanke cibiyarka! Galma ta riga ku gaisuwa tun bazara, mun ba ta bakinmu ga babban zaɓe. Ku kuma kun taho da goronku. Mu bar ku ku koma hannu wohi? Sai muka ba ku ƙaramin."

Malam Abdu ya ce, "To, don mi ba ku hwaɗa mani ba?"

Tsohon ya ce, "Ka tambaye mu? Ƙosai ka zo ka saye, ka hau kekenka."

Al'adar ƙauyukan ke nan tun kaka da kakanni: idan baƙi biyu suka zo neman abu guda, wanda za a hana shi ake fara yanka wa zakara, don kada ya tafi da kunya. Malam Abdu ya sha cin irin naman nan yana yaro.

Shekarun Ƙarshe

A shekara ta 2005 yunwa ta sauka a ƙasar Maraɗi, ta tarar da gidan Mushe Ilyasu babu albashi babu rumbu. Ya kawo Atika da yara Jiratawa, ya durƙusa ya gai da surukinsa gaisuwa cikakkiya ba tare da ya ɗago kai ba, ya wuce Katsina neman aiki. Cikin daminar ƙaramar ɗiyar Atika, Khaulat, ta rasu a hannun kakanta.

Daga nan Malam Abdu bai ƙara fassara zaɓe ba. Ko a rikicin tazarce na 2009, da aka aiko da mota, cewa ya yi idonsa ya mutu, alhali yana zaune yana gyaran sarƙar keke. Abu guda ya rage masa buri, wato ya ji kalmar gafara daga bakin surukinsa. Duk mai tafiya Katsina sai ya ba shi saƙo. Amsa takan zo da gaisuwa da ɗan abin cefane, amma ban da kalmar.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa a watan Janairu na 2011, a makon da aka yi wani zaɓen kwanseye, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi masa sutura a maƙabartar Jiratawa, masu ɗaukar makara da tawadar zaɓe a yatsunsu. An jinkirta salla kaɗan ana duban hanyar Katsina ko surukinsa zai iso, sa'an nan liman ya ta da kabbara.

Ya bar matarsa Kyauta da ƴaƴa huɗu: Maman Lawali, wanda ya gaji gonar, Hafizu, direba a Damagaram, Tahira, tana aure a Tsibiri, da Atika, wadda har yau take ɗakin mahaifiyarta, aurenta bai mutu ba, mijinta bai dawo ba. Allah ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa.