Finjalin da ke Magana

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Yau abokan aikina na ƙasar waje za su ɗaure ƙaramin tauraron ɗan'adam da na tsara gangar jikinsa a teburin gwaji, su jijjiga shi yadda roka za ta yi masa. Ni kuwa ina Gadarif, shabakar waya sai wasa take da hankalina. Ƙanwata ta wuce da tiren gahawa, finjalai suna ƙara, sai marigayiya kakata, Habboba, ta faɗo mini a rai.

In za mu Mafaza, takan naɗe finjalanta da tsumma mai ƙanshin citta, ta kai kwandon kunnenta, ta girgiza da ƙarfi. Wata rana direban lori ya ishe mu da hon.

Na ce, "Habboba, yi sauri, zai tafi!"

Ta ce, "Ya tafi mana! Akwai finjali guda da ke magana." Ta kwance komai, ta sake naɗewa. "Gara ya yi kukansa a hannuna da ya fashe a hanya."

Har yanzu wayata shiru. Habboba, Allah ya sa kin sauka lafiya, inda babu sauran girgiza.