Kendamar da Na Turara

Shekarar da hannun damar maigidana ya mutu, gama shukar alkama ke nan. A bakin hawasha ya faɗi, wato gonar ban ruwan da ya gada daga mahaifinsa, maƙwabta suka kawo shi gida a amalanken jaki. Sati biyu muka yi a asibiti a Hasahisa. Bakinsa ya koma daidai, ƙafa ta dawo tana ɗan ja, amma hannun sai ya zama kamar na aro. Yatsun a dunƙule, ko cokalin shayi ba ya riƙewa.

Akwai wata baiwar Allah a asibitin, aikinta koya wa irinsu motsa jiki. Ranar da za a sallame mu ta ba shi wani abu na katako mai kama da 'yar guduma. Kan gudumar kofi ne a kowane gefe, gindin ma kofi, saman kuma tsini. An ɗaura masa ƙwallon katako da zare, ƙwallon da rami a jikinsa. Ana cilla ƙwallon sama a tare shi da kofi, wanda ya gwanance ya tare da tsinin. Ta ce sunansa kendama. Na sa ta maimaita, na rubuta a bayan takardar magani da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci.

Ta dube ni ta ce, "Ya hajja, safe da yamma, kullum. Ya fara da riƙo kawai, cillawa ta biyo baya. Watannin farkon nan su ne naku. In suka wuce, inda hannun ya tsaya nan ya tsaya."

Da muka zo gida sai na ga abin yana da aibi biyu. Na farko santsi. An goge sandar sumul, da ya matsa sai ta zame ta faɗi a cinyarsa. Na biyu kama. Ƙwallon ja ne jawur, yana sheƙi kamar alewa. Mutum mai furfura, mai jikoki a Rufa'a, sai ya juya abin a hannun hagu ya ce, "Wanga ai na goyo ne." Ya tura shi ƙarƙashin matashi.

Ni ba mai gardama ba ce. Na ɗauke na koma bayan ɗaki da shi.

Na fara naɗe sandar da ƙyallen tsohon tob ɗina, mayafin da mu matan nan muke naɗewa da shi. Ya jiƙe da gumi ya dinga juyawa. Na yanko robar tayar keke na naɗa. Ita ta riƙe ƙam, amma kwana uku ta tayar masa da bororo a tafin hannu, ga warin roba in rana ta yi zafi. Sai na tuna yadda ake saƙa angareb, gadonmu na katako, da ɗanyar fata. Na samo fatar akuya wurin maƙwabciyata, na yanka ta siri-siri, na jiƙa ta kwana guda, na naɗa tun daga gindi har wuyan gudumar ina ja da haƙori. Da ta bushe ta kama katakon kamar da ita aka halicce shi. Wurin da babban yatsa yake zama na ninka sau biyu, ya yi ɗan tudu. Ranar ya riƙe ta har na gama tuyar kisra, gurasarmu ta dawa, bai yar ba.

Ƙwallon ya fi ba ni wahala. Na kankare jan fentin da fasasshiyar kwalba, na goge da yashin bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ta bi ta bayan garinmu. Ƙanwata da ke aure a Dinder takan aiko mini da ƙaron dakwara. Na jiƙa shi na shafa wa ƙwallon don ya rage zillo daga kofi. Karon farko na cika kauri, kafin azahar kiyashi sun yi masa rawani, ƙura ta manne. Na wanke na sake, wannan karon ruwa-ruwa, shafa ɗaya, na shanya a inuwa. In aka hura masa numfashi sai ya ɗan yi danƙo, ya zauna a kofi ba ya tsalle. Na zagaye ramin da lalle, don idonsa ya riƙa ganin inda ramin yake in ƙwallon na juyawa.

Saura launi. Katakon da na kankare ya fito fari fat kamar ɓararren rogo, kuma na san ba zai fita da shi haka ba. Ina so ya yi duhu irin na ƙotar wuƙar da maza suke ɗaurawa a damtse. To, mu nan kowace matar aure tana da ramin duhan a bayan ɗakinta, inda take kunna itacen ɗalha ta zauna a kan hayaƙin ta lulluɓa da bargo, don jikinta ya yi ƙamshi. Na sha ganin yadda hayaƙin yake rina tabarmar bakin ramin ta koma ruwan zuma. Sai na rataye kendamar a kan ramin, yini uku ina juya ta. Ta fito kyakkyawa, wallahi. Fatar ta yi ja mai duhu, katakon ya yi kamar an shekara talatin ana riƙe shi.

Ni hancina ya saba, ban ji komai ba. Shi ma da yake kwana a ɗakin bai ji ba.

Wata biyu yana yi a tsakar gida. Ranar da ƙwallon ya fara zama a babban kofi, autarmu ta yi guɗa har kaji suka watse. Yatsu uku sun fara buɗewa, biyun ƙarshe suna motsi kaɗan-kaɗan. Ya ji daɗin kansa har ya ce yau zai fita da ita diwan, ɗakin zaman maza da ke ƙofar gidanmu. Bango ɗaya ne tsakaninsa da madafina, ina jin komai.

Bayan la'asar maza suka taru, har da wansa. Na ji tak, na ji tak, ƙwallon ya zauna sau biyu a jere. Ina murmushi ni kaɗai a kan murhu.

Sai muryar wan nasa: "Tsaya. Mi ke ƙamshi haka? Wa ya shigo mana da amarya diwan?"

Wani ya ce, "Ba amarya ba ce, makamin ƙanenka ne. Sansana ka ji."

"La ilaha! Duhan ne! Ya zol, bawan Allah, kai ma a ramin aka zaunar da kai?"

"A miƙo mishi bargo ya ƙarasa!"

"Shi ya sa na ga fuskar tana sheƙi kwanan nan. Na ce ko maganin asibiti ne."

Suka yi ta ƙyaƙyatawa, har wani yana tari.

Laifina ne, ban musa ba. Ya kamata in tuna abin da ke bayan ɗaki ba ya zuwa diwan. Amma a gaya mini, wane ne a cikinsu ba ya komawa gida ya tarar da wannan ƙamshin? Wane ne ya taɓa cewa a rufe ramin? Wanda ya fi kowa dariya, shekarar da ya tafi aikin hajji maigidana ne ya shayar masa da hawasha tun daga shuka har girbi. Su ne suka zo asibiti suna share ido da bakin rawani suna cewa Allah ya tashi kafaɗa. Ga kafaɗar ta fara tashi a gabansu, abin da suka gani shi ne abin dariya. Mutum yana kokawa da hannunsa, a zo ana sansana masa sanda!

Da dariyar ta lafa, wan ya gyara murya. Ashe da magana ya zo.

"Wasa ya ƙare, mu yi ta manya. Alkama an yi maka gayya an girbe, to damina fa? Ɗiya mata gare ka, ba namiji. Ana maganar ruwan shuka, kai kana nan kana tak-tak da abin yara. A mayar da hawashar sunana, in riƙe, abin da aka samu ba za ku rasa ba. In ruwan farko ya zo ba ka iya ɗaga ɗuriya ba, sai mu je a rubuta."

Ɗuriya ita ce babbar fartanyar da ake sare bakin kwalbati da ita ruwa ya shiga gona. Kuma kowa a garin nan ya san hawashar da ta koma sunan wani ba ta dawowa.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga murya inda wan mijina zai ji ba. Ko gaisuwa a durƙushe nake yi, kaina a ƙasa. Ranar na matsa jikin bangon na ce, a hankali yadda na saba, "Yaya, a yi mini afuwa. Ni na turara abin, ba shi ba. In dariya ce ni za a yi wa. Likita ce ta ba shi, magani ne."

Wan ya tsallake ni ya ce wa maigidana, "Ka ji? Yanzu har ta bango ake ba da amsa a madadinka."

Na ƙara ɓata abin ke nan. Da suka watse maigida ya shigo, bai dube ni ba, ya wurga kendamar kan rufin rakuba, rumfar da muke shan inuwa. Ya ce kada wanda ya sauko da ita.

Sati bakwai tana can. Ina kallon yatsun suna komawa ciki ɗaya bayan ɗaya, kamar ganyen da aka cire daga ruwa. In na kawo maganar sai ya ce, "Ke dai kawo shayi." Da muka koma asibiti matar nan da ta ba shi kendamar ta kama hannun ta lanƙwasa, ta miƙe, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Me ya faru, ya hajja?" In ce mata maza biyar masu gemu sun ji ƙamshi?

Da muka dawo na ɗauki gora na zunguro ta daga rufin. Rana ta ƙona zaren, fatar ta tsage. Na kwance ta duka, na dafa katakon da toka, na goge da lemon tsami, na binne shi cikin dussar dawa kwana huɗu har na kai wa maƙwabciyata ta sansana ta ce babu. Na sake naɗa sabuwar fata, na canza zaren. Launi kuwa, ganyen shayi na dafa ya yi baƙi na shafa sau uku. Bai kai na hayaƙin kyau ba, amma ba mai cewa komai.

Ban kai masa ba, tunda ya ce kar a sauko da ita. Na zauna a bakin madafi da yamma ina gwadawa da kaina. Gaskiya ba dabara na shirya ba, haushi ne ya cika ni, hannuna yana neman abin yi. Kuma ban iya ba ko kaɗan. Ƙwallon ya buge ni a goshi, ya buge ni a haƙori, ya faɗa cikin ƙullun kisra. Yana kwance a angareb yana yi kamar bai gani ba.

Kwana na uku ya kasa daurewa.

"Ke, da hannu ake fizga? Gwiwa za ki lanƙwasa."

Na ce, "To, Malam." Na sake fizga.

"Subhanallahi. Za ki fasa mana tulu. Miƙo nan."

Na miƙa. Ya juya ta, ya kai hanci a fakaice, ya ɗauka ban gani ba. Daga ranar ya koma yi, safe da yamma, amma a bayan ɗaki, inda ko autarmu ba ya so ta tsaya. In ya ji sallama a ƙofa sai ya cusa ta cikin riga. Mai gida a gidansa yana ɓoye maganinsa kamar ɓarawo. Wannan ma yana cikin abin da ban yafe ba.

Ranar da aka sako ruwan farko ya fita da hantsi, ɗuriya a kafaɗar hagu. Na bi shi da butar shayi, don in sami dalilin zuwa. Wansa yana can tsaye a kan gaɓa da mutum biyu, wai sun zo taimako. Maigida ya sa hannun hagu a gaba, ya ɗora na dama a baya, yatsu uku suka kama ƙotar. Saran farko ɗuriyar ta karkace. Na biyu ma haka. Ɗaya daga cikinsu ya miƙa hannu zai karɓa, maigida ya ce masa, "Bari." Abin da a da yake yi da sara huɗu, ranar ya fi ashirin, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Amma bakin ya buɗe, ruwa ya gangara cikin kunyoyi.

Wan ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ma sha Allah! Addu'armu ce Allah ya karɓa."

Na zuba masa shayi na miƙa da hannu biyu, kaina a ƙasa.

Hawasha tana sunan maigidana har yau, shi yake shayar da ita. Yatsu biyun ƙarshe kuwa ba su ƙara buɗewa ba. Kafin ranar diwan suna motsi, da idona na gani. Matar asibitin ta ce ba wanda zai iya rantsewa da sun warke, ni ma ban rantse ba. Sai dai kullum in zai yi alwala, sai ya sa hannun hagu ya ɓamɓare su ɗaya-ɗaya don ruwa ya shiga tsakaninsu, ni kuwa ina tsaye riƙe da buta, ina jin mazan diwan ta bango suna kiransa ya fito a sha shayi.