Wasan Damina Bayan Malam Sabi'u

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Malam Sabi'u makwancinsa a Dayi. Allah ya ji ƙansa. Jama'a sun san shi da koyarwa a firamare, mu kuwa 'yan gida mun fi tuna shi da wani wasa da ya ƙirƙira ya sa masa suna Damina.

A bayan kwali ya zana gonaki da burtali da kasuwa. Kowa zai ɗauki matsayi, wani manomi, wani makiyayi, wani mai awo, sai ka yi magana da bakin wanda ka zama. Ɗan ludo ake jefawa a ga sa'arka, shi kuma Malam yana ba da labarin abin da ya same ka. Amma fa dokoki! Ba ka shuka sai ruwa ya sauka, ruwa ba ya sauka sai an jefa shida, taki da dokarsa, tsutsa da tata. Duk a kansa suke, kuma kullum sai ya ƙaro sabuwa, musamman idan ya ga ina shirin cinye shi. Da ya rasu, kwalin ya koma bayan sif, domin ba mai iya riƙe dokokin.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yarsa Hadiza, da ke koyarwa a Funtua, ita ce bara ta zaro kwalin, ta share kusan dukan dokokin. Yanzu ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa, mai labari ya yanke hukunci, shi ke nan. Ta ce tana son ta kai wa ɗalibanta da sunan mahaifinta a kai, amma sai na amince, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka buga na asali. Na ƙi. Raina ya ɓaci sosai, na ce mata wannan tatsuniya ce da ɗan ludo, kada ta jingina wa mamaci abin da bai yi ba.

Da ƙaramar Sallah ta lallaɓe ni na zauna na gwada. Aka ba ni makiyayi. Na jefa, ɗaya ta fito, Hadiza ta ce shanuna sun faɗa gonar dawa. A tsarin Malam, tara za a ci ka ta ƙwayar masara, ka ajiye ka wuce abinka. A nan babu wannan, sai dai ka je ka fuskanci mai gona. Mai gonar kuwa Hajiya Balaraba ce, matar marigayin, wadda ke zolayata tun ranar da aka kawo ta gidanmu.

“To Lawal,” in ji ta, “dawar da na wahala a kai, ka zo ka ce mini tsautsayi? Sai dai ka kwanar da shanun a gonata bayan girbi, su biya ni da taki.”

Na yi magiya, na rantse, na haɗa ta da zumunci, ta ƙi sassautawa, yara na ta dariya. Rabona da in ji gumin wasan nan haka tun Malam na raye.

Ba zan ce ba a yi asara ba. Jiran ruwan nan da ke ƙona mana rai shi ke koya wa yara haƙurin manomi, kuma ya tafi. Da Malam zai leƙo, na san zai yi tsaki, ya nemi ƙara doka ko da guda ce. Sai dai na san shi da son taro, kuma bai taɓa tara mutane a kan kwalin nan kamar na ranar ba. Na gode masa da ya bar mana abin da ya jure gyara, na gode wa Hadiza da ba ta ji tsoron fushina ba.

Da muka tashi, Hajiya ta riƙe gefen kwalin ba ta sake shi ba. Ta ce, “Tsawon zamanmu da shi ina kawo muku kunu kuna wannan wasa, ban taɓa gane kansa ba, kunya ta hana ni tambaya. Sai yau na shiga gonar Malam.”

Na juya na ce wa Hadiza ta rubuta sunan babanta, da manyan baƙaƙe.